Marsandi 911 da Hanyar Iyakar Bagudo

Yau tarihin wata tsohuwar mota zan ba ku, wadda ta ci da gidanmu shekara da shekaru, Marsandi 911 mai bodin katako.

Kafin mota, bari mu fara da hanya. Duk wanda ya san Bagudo ya san cewa da ka tsallaka Kwara ta gadar Tuga, ka nufi Ka'oje, to ka kama hanyar iyakar Benin, ko ta Tsamiya zuwa Segbana, ko ta Lolo. Hanyar nan ta girmi mota nesa ba kusa ba. Ta wajen Illo fatake ke tsallaka kogi da jakuna, su ratsa ƙasar Borgu zuwa Gwanja sayen goro. A 1898 ne Ingila da Faransa suka zauna a Paris suka raba Borgu biyu, Illo ta faɗo hannun Ingila. Iyaka ta shigo, amma kasuwanci bai tsaya ba, sai dai jaki ya bar wa mota kaya.

Ita 911 'yar Jamus ce. A 1959 aka fara ƙera irin wannan mai guntun hanci, kuma daga 1964 aka sa musu injin OM 352, silinda shida, lita 5.7. A farkon shekarun 1980 kamfanin ANAMMCO ya fara harhaɗa motocin Marsandi a Enugu, a zamanin da Steyr ke Bauchi, Leyland ke Ibadan, Fiat ke Kano. Abin da ya sa ta zauna a karkara, ni a ganina, shi ne ba ta da kwamfuta ko ɗaya. Injekta ce ke tura gas da ƙarfin inji kawai. In ta tashi, ba ta neman lantarki don ta ci gaba da aiki. Shi ya sa za ka ga direba ya ajiye ta a kan gangara da dare, don ko batir ya mutu, da safe a sake ta a giya ta kama.

To, a watan Agustan 2019 gwamnati ta rufe iyakoki. Motar kawuna ta yi wata huɗu a ƙofar gida ba ta motsa ba. Da aka yi girbi ya samu lodin shanshera daga Ka'oje, kuma da kuɗin lodin zai biya bashin tayoyi. Ni ne karen mota, lokacin ina hutun makaranta.

Da asuba muka murza makulli, sai "ƙyas" kawai. Na ce batir ya mutu. Kawu bai ce komai ba, ya cire kan batirin, ya nuna min farin gari da ya taru a kai. Muka wanke da ruwan zafi, muka kankare, muka ɗaure. Kik ya juya, amma inji ya ƙi kamawa.

"Yaro, in gas bai kai ba, ko ka kwana kana murzawa banza ne. Iska ta shiga."

Ya sassauta ƙaramin noti a kan filtar mai, ya ce in riƙa danna famfon hannu. Kumfa ta yi ta fita, ta yi ta fita, har hannuna ya gaji, sannan gas tsantsa ya biyo. Ya ɗaure. Murzawa ɗaya ta kama.

Na ɗauka an gama. Ina! Da muka ɗauko kaya, kafin Tuga ta fara sanyi. Ka taka totur har ƙasa, tana tafiya kamar mai azumi, ga hayaƙi baƙi ƙirin. Wani bakanike a bakin hanya ya ce injekta ce, a kwance ta a kai Jega. Kwana uku ke nan, ga kuɗi, ga mai kaya yana kira.

Kawu ya ƙi. A wajensa hayaƙi magana yake yi. Baƙi na nufin mai ya fi iska yawa, don haka filtar iska ake fara dubawa kafin a taɓa nozul. Fari kuwa, ko ruwa ne ko gas da bai ƙone ba. Muka buɗe gidan filta, ƙurar hunturu ta toshe ta, har zanzaro ya yi gini a bakin bututun. Muka kakkaɓe. Ya kuma kwance kofin da ke ƙarƙashin famfon hannu, sai ga ruwa da tsatsa kwance a ƙasa. Tankin da ya zauna rabi yakan yi gumi daga ciki, ga kuma gas ɗin jarka da muka ƙara a hanya. Ya sa sabuwar filtar da yake ɓoyewa bayan kujera, na sake komawa kan famfo.

Kafin la'asar muka tsallaka gada. Injektar da aka ce a kwance kuwa, har kawu ya sayar da motar bayan shekara biyu ba a taɓa ta ba. Wanda ya saye ta albasa yake ɗauka da ita daga Aliero.