Madadin Batir a Teburin Mai Gyara: Tarihin Wata Dabara a Ƙasar Gumel

Madadin batir na'ura ce da mai gyaran rediyo ko waya yake ajiyewa a kan teburinsa, ya jona ta da abin da aka kawo masa gyara, ta ba shi wuta daidai gwargwadon yadda batirinsa zai ba shi. Masu sana'ar suna ce mata fawa saflai. Akwai ta kanti, akwai kuma wadda mai gyara yake harhaɗawa da hannunsa daga tarkacen kayan da suka mutu. Ta biyun ce ta daɗe tana riƙe da sana'ar a garuruwan masarautar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, domin a wannan yanki kayan lantarki sun riga wutar lantarki isowa da shekaru masu yawa.

Shi kansa batir a Turai aka ƙirƙiro shi. Alessandro Volta na Italiya ya haɗa na farko a 1800, Georges Leclanché na Faransa ya fito da mai aiki da tutiya a 1866, sannan Carl Gassner na Jamus ya daskarar da ruwan cikinsa a 1886, aka sami busasshen batir da za a iya ɗauka ko'ina ba tare da ya zube ba. Layin dogo daga Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, ya ratsa ta Gagarawa. Jirgin ya riƙa kwasar gyaɗa yana sauke kayan kanti, kuma cikin kayan kantin da suka bazu a ƙasar Hausa a zamanin Turawa akwai tocila da batirinta. Tocila ba ta buƙatar gwani: idan ta ƙi kamawa, ko dai ƙwai ya ƙone, ko batir ya mutu, ko kuma tsatsa ta ci murfin.

Rediyo ce ta haifar da sana'ar. Wadda aka fara a Kano a 1944 ta waya ce, ana ja daga tasha zuwa akwatin da ke gidan mai saurare, don haka ba ta fita birni ba. Abin da ya kai rediyo ƙauye shi ne taransista, wadda aka ƙirƙiro a Amurka a 1947, rediyo mai amfani da ita kuma ta shiga kasuwa a 1954. Ƙaramin akwati ne da batir uku ko huɗu suke isarsa. Zuwansa ya yi daidai da buɗe tashoshin Hausa: BBC a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979. Mutanen Maigatari, da yake suna bakin iyaka, suna kama gidan rediyon Nijar ma. Daga baya rakoda ta shigo da kaset ɗin wa'azi da na mawaƙa irin su Mamman Shata, ita kuwa cin batirinta ya ninka na rediyo, saboda akwai mota a ciki mai juya kaset.

Ta haka batir ya shiga cefanen gida kamar kananzir da gishiri. Berec da Tiger su ne sanannu a Najeriya a wancan lokaci, Wonder kuma a ƙasashen da Faransa ta mallaka. A kasuwar Alhamis ta Maigatari, wadda ta yi suna da dabbobi, Bafulatani ko Buzu kan sayar da sa ko raƙumi, ya ƙulle batir na makonni a jakarsa kafin ya koma daji. Ba a yar da batir da wuri. A shanya shi a rana, a ɗan matsa jikinsa, ya ƙara ba da labarun safe ɗaya ko biyu. In ya mutu murus, 'yan makaranta su fasa su goga baƙin garin cikinsa a allon aji.

Ga mai gyara, wannan tsada matsala ce iri biyu. Neman inda rediyo ta lalace yakan ɗauki sa'o'i tana kunne, kuma ladan gyaran ba zai biya batiran da za a ƙone ba. Matsala ta biyu ta fi ta farko: batirin da ya raunana yana ruɗar da mai gyara. Sabon batir yana ba da bolt ɗaya da rabi, amma yayin da yake tsufa ƙarfinsa yana sauka, kuma yana ƙara sauka da zarar an ɗora masa nauyi. Sai murya ta shaƙe, kaset ya riƙa ja, mai gyara ya kama canza taransistar da lafiyarta ƙalau. Dole ne ya sami wutar da ya amince da ita kafin ya zargi wani abu.

Mafita ta farko ita ce batirin mota. Ɗakuna shida ne a cikinsa, kowanne da kusan bolt 2, jimla 12. Irin na da suna da gadojin dalma a fili a saman murfi, don haka ana iya ɗaukar bolt 4 ko 6 ta hanyar maƙala waya a gadar da ta dace, ko da yake hakan yana gajiyar da wasu ɗakunan ya bar wasu. Haɗarin batirin mota shi ne ba ya da rowa: idan akwai shot a cikin rediyon, zai tura wutar da za ta narkar da waya nan take. Maganin da masu gyara suka riƙe yana da sauƙi, kuma har yau yana aiki. Ana sa ƙwan fitilar mota a kan hanyar wutar. In rediyo lafiya take, ƙwan zai yi ja kaɗan ko ma ya ƙi kamawa. In akwai shot, ƙwan zai haska tar, ya shanye wutar, rediyon ta tsira. Ƙwai ɗaya ya zama fiyus ya zama mita.

Da wutar Nepa ta fara isa manyan garuruwa, bayan kafa hukumar a 1972 da kuma ayyukan kai wuta karkara na tsohuwar Jihar Kano, sai aka fara haɗa madadin batir na sosai. Ana ciro taransifoma daga matacciyar rakoda ta rage wutar bango, dayod huɗu su miƙar da ita ta daina kai-komo, babbar kafasita ta lallashe ta don kada rediyo ta riƙa gurnani. Abin da ya cika aikin shi ne 'yar ayisi mai ƙafa uku da ake kira LM317, wadda ta fito a 1976. Da ita da mamurɗin ƙara da aka cire daga wata rediyon, mai gyara zai iya zaɓar ƙarfin da yake so tun daga bolt 1.25 zuwa sama. Tana zafi, don haka ana ɗaure ta a jikin guntun alminiyam. Abin da ba a samu a bola ba, sai a yi saƙonsa daga kasuwar Sabon Gari ta Kano. Sai dai wutar ba ta zama abin dogaro ba. An ƙirƙiri Jigawa a 1991, Nepa ta koma PHCN a 2005, rarraba wutar Kano da Katsina da Jigawa ya koma hannun KEDCO a 2013, amma batirin mota bai bar ƙarƙashin tebur ba. Sai dai aka ɗora masa ita ayisin a maimakon taransifoma.

Wayar hannu ta GSM, wadda ta fara aiki a Najeriya a watan Agustan 2001, ita ce ta tsananta ƙa'idojin. Rediyo mai bolt 6 tana haƙuri da 5 ko 7. Batirin litiyam, irin wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991, yana cika a bolt 4.2, yana yawancin aikinsa a wajen 3.7, kuma waya tana mutuwa kafin ya sauka zuwa 3. An ƙera injin waya ne don wannan ɗan tsukin, kuma wuce shi da yawa yana iya kashe ayisin wuta. Dabarar da ta fi arha ita ce a yanke bakin caja mai bolt 5, a sa dayod ɗaya a hanya ta cinye kusan 0.7, abin da ya rage ya yi kusa da cikakken batir.

Nan ne masu gyara suka gane cewa batir ya wuce ƙarfin wuta kawai. Batiran Nokia, irin su BL-5C da ya cika ko'ina, ƙafa uku gare su. Ta tsakiyar tana da resista a ciki wadda take shaida wa waya irin batirin da aka sa mata, kuma wasu wayoyin ba sa tashi in ba su ji ta ba. Sai a ciro ɗan allon da ke kan mataccen batir a liƙa shi a bakin wayoyin madadin, wayar ta ɗauka batirinta ne. Akwai kuma abin da ya fi wannan ɗaure kai: waya ta tashi lafiya, amma da an danna kira sai ta mutu. Dalilin yana cikin tsarin GSM. Waya ba ta aika saƙo a jere, tana harba shi ne gutsi-gutsi, kusan rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, sau 217 a kowace daƙiƙa, kuma kowace harbawa tana iya zuƙar har amfiya 2, musamman inda sabis yake da rauni, kamar ƙauyukan bakin iyaka. Batir na gaske yana ɗaukar wannan fizga. Ƙaramar caja da doguwar siririyar waya ba sa iyawa. Maganin shi ne gajeriyar waya mai kauri da babbar kafasita dab da bakin injin.

Mita mai auna zuƙar wuta ita ce idon mai gyara, kuma karatunta shi ne ainihin ilimin da yaro yake koya wurin maigidansa. Idan allura ta ɗaga tun ba a danna makunni ba, akwai inda wuta take zurarewa, kuma shi ya sa batirin mai wayar ba ya kwana. Idan ta buga ƙarshe, shot ne, sai a rage ƙarfi a bi injin da yatsa a nemo abin da yake zafi. Idan ta ɗaga kaɗan ta tsaya cak, sau da yawa matsalar ta manhaja ce. Idan ta hau tana sauka tana hawa, injin yana tashi, sai a koma kan gilashi. Batir na gaske ba ya faɗin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Madadin batir na hannu yana da iyakarsa. Kamfanonin ƙera waya suna amfani da na'urori masu kwaikwayon batir ciki da waje: suna sauke ƙarfi a hankali kamar mai ƙarewa, suna nuna raunin tsoho, suna kuma karɓar wuta idan an sa caji. LM317 bayarwa kawai ta iya, ba ta karɓa, don haka ba a gwada hanyar caji da ita sai an rataya mata wani nauyi, kamar ƙwan fitila, da zai shanye abin da cajar take turowa. Sauran kuwa ana kwatantawa. A murɗa ƙarfi ƙasa sannu a hankali a ga inda waya za ta mutu, ko a sa ƙaramar resista a hanya ta zama kamar tsohon batir. Wayar da ta mutu tun ƙarfi yana 3.8 tana da ciwo a jikinta, kuma sayen sabon batir ba zai warkar da ita ba. Wannan gwaji kaɗai ya hana mutane da yawa asarar kuɗi.

Shekarun baya-bayan nan sun sauya kayan aikin. Wayoyin Tecno da Itel da Infinix na zamani suna zuwa da batir a manne, don haka ana sayar da igiyoyi masu bakuna iri-iri da ake maƙalawa kai tsaye a injin. Fawa saflai ta Sin mai allon lamba ta yi araha, amma wutar bango take so. Cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya sa janareto ya yi wa masu caji da masu gyara nauyi, da yawa suka koma sola. Rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar a 2023 har zuwa Maris 2024, ya rage masu shigowa Maigatari daga ɓangaren Dungas da Magarya. Madadin batir na hannu a yau yawanci ɗan ƙaramin allo ne mai LM2596 da mita mai lamba, an jona shi da batirin sola mai bolt 12, ko da batura 18650 da aka ciro daga tsohuwar kwamfutar cinya. Wasu allunan suna da mamurɗi na biyu da yake ƙayyade yawan wutar da za ta wuce, aikin da ƙwan fitilar mota yake yi a da.