Kobe da Fulorida: labari biyu a fitowa guda

A watan Maris na 2017, mujallar likitocin Amurka New England Journal of Medicine ta buga rahoto biyu a fitowa guda. Duka biyun kan tsofaffin mata ne da ganinsu yake dushewa, duka kuma kan magani da ƙwayoyin asali, waɗanda Faransawa ke kira cellules souches, wato ƙwayoyin jiki masu iya rikiɗa su zama wasu iri.

Ciwon da ake magana ba yanar ido ba ce, wadda likita ke cirewa mutum ya koma gani. A can bayan ido akwai tantani mai karɓar haske, a tsakiyarsa kuma akwai ɗan wuri da ake kira makula, wanda da shi ne muke karatu, muke shaida fuskoki. Idan ƙwayoyin da ke ciyar da shi suka mutu saboda tsufa, jiki ba ya maye gurbinsu. Daga nan ne masana suka fara tunanin renon sababbi a ɗakin bincike.

A 1998 James Thomson ya ware ƙwayoyin asali daga ɗan tayin mutum, abin da ya ta da gardama tsakanin malaman addini da ƴan siyasa. A 2006 Shinya Yamanaka na Japan ya buɗe wata ƙofa: ya mayar da ƙwayoyin ɓera da suka riga suka girma zuwa halinsu na farko, a 2007 kuma ya yi haka da fatar mutum. Ya sami kyautar Nobel a 2012.

Kan wannan aiki Masayo Takahashi ta ɗora nata. A Satumba 2014, a birnin Kobe, aka dasa wa wata mata mai shekaru saba'in da ɗoriya ɗan faifan ƙwayoyi, milimita 1.3 a 3, wanda aka rena daga fatarta. Bayan shekara guda ganinta bai ƙaru ba, bai kuma ragu ba. Da aka zo kan majiyyaci na biyu, sai aka ga canji a ƙwayoyin gadon abin da aka rena masa, aka fasa aikin. A ganina wannan fasawar ta cancanci yabo kamar dashen kansa, ko da yake jaridu ba su ba ta rabin wannan muhimmanci ba.

Rahoto na biyu daga jihar Fulorida ya fito. A 2015 wasu mata uku, masu shekaru tsakanin 72 da 88, kowacce ta biya dala 5,000 a wani asibitin kuɗi. Aka tsotso kitsen jikinsu, aka tace, aka yi musu allurarsa a ido biyu rana guda. Ganinsu ya lalace ƙwarai, ɗaya ta makance gaba ɗaya. Malamin da ɗalibai suka tambaya kan wannan batu ya riƙe waɗannan alamu biyu: a gwaji na gaskiya ido guda ake taɓawa, wanda ya fi lalacewa, kuma ba a saba karɓar kuɗin majiyyaci ba.

Binciken bai tsaya ba. A 2018 likitocin asibitin Moorfields na Landan sun ba da rahoton mutum biyu da aka yi wa dashe: ɗaya ya ƙara ganin haruffa 29 a allon gwaji, ɗayan 21. Mutum biyu ne kawai, kuma maganin makula da ƙwayoyin asali yana matakin gwaji har yau. Asibitin Fulorida kuwa, sai a 2019 kotun tarayya ta hana shi yin wannan allura.