Gari Ya Yi Gaba, Motar Kwana-kwana Tana Baya

Kakata ta sha ba ni labarin gobarar sinimar El-Duniya ta 1951, wadda ta laƙume rayuka fiye da 300 a Kano. A wancan zamani birni bai yi wa ganuwa nisa ba. In ka cire Fagge da Sabon Gari da Nasarawa, saura gonaki ne da ƙauyuka. Duk inda wuta ta tashi, ihu ɗaya kan tara maƙwabta da tuluna.

Hukuma ba ta rasa hangen abin da ke tafe ba. A 1963 aka kafa dokar hukumar kashe gobara ta tarayya, a shekarar kuma tsarin Trevallion na raya Kano na shekara 20 ya soma aiki. Sai dai jama'a sun riga takarda sauri. Da Kano ta zama babban birnin jiha a 1967, masana'antu suka bunƙasa a Bompai da Sharaɗa da Challawa, mutane suka yi ta kwararowa neman abinci. Yau birnin ya mamaye ƙananan hukumomi takwas, har da Kumbotso da Ungogo da a da ake kira karkara.

Yawancin sababbin unguwannin awon igiya ne. Mai gona ya yanka filaye ya sayar, ya bar ɗan lungun da mutum biyu za su gifta. Ba a ware filin tashar kashe gobara ba, ba a shimfiɗa bututun ruwa ba. A irin wannan unguwa na girma. Wani dare cikin hunturu wuta ta kama gidan maƙwabcinmu. 'Yan kwana-kwana sun taso daga cikin gari, sun kuma iso, amma motarsu ta tsaya a bakin titi domin lungunmu ya yi mata kaɗan. Da jarkokin 'yan garuwa muka yi ta fama har rufin ya rufta.

Ban ga laifin ma'aikatan ba. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris na 2016, wadda ta cinye dubban shaguna a tsakiyar birni, ta nuna cewa ko kusa da tasha cunkoso da ƙarancin ruwa kan ɗaure musu hannu. Ina ga wanda ke can bayan gari?

Abin da tarihin nan ya koya mini shi ne, nisan da motar kwana-kwana za ta yi an yanke shi ne tun ranar da aka ja igiya a gona. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Kowace sabuwar unguwa tana buƙatar hanyar da mota za ta shiga, da rijiyar burtsatse, da filin tasha, tun kafin a aza tubalin farko. Unguwarmu ta riga ta makara, amma gonakin da ake yankawa bana a gefen Kano ba su makara ba.