Tarihin Tsayin Dakan Kiristocin Suleja, 2011 zuwa 2023

Suleja ita ce tsohuwar Abuja, garin da sarakunan Haɓe na Zazzau suka kafa a 1828 bayan jihadi ya fitar da su daga Zariya. Ta bar wa babban birnin tarayya sunanta, ta ɗauki na Sarki Sulaimanu Barau. Kiristanci ya shigo ƙasar ta hannun 'yan mishan na SIM da suka yi aiki a cikin Gbagyi tun farkon ƙarni na 20, daga baya limaman Katolika 'yan Ailan suka biyo, har Minna ta zama dayosis a 1973. Ginin Abuja ne ya cika Suleja da Madalla da ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu da tsakiyar ƙasa, majami'u suka yawaita a gindin Dutsen Zuma. Labarin abin da ya sami waɗannan majami'u daga 2011, da yadda mazajensu suka tsaya, a warwatse yake cikin jaridu, kuma jaridun ba su yi ittifaƙi a kan alƙaluma ba.

A 2011 wani bom ya girgiza Suleja, ya tashi a ofishin hukumar zaɓe ranar 8 ga Afrilu, jajibirin zaɓen majalisar tarayya, ya kashe mutane har da masu yi wa ƙasa hidima. Ranar Lahadi 10 ga Yuli wani ya fashe a majami'ar All Christian Fellowship da ke cikin Suleja. Sai kuma safiyar Kirsimeti.

A ranar 25 ga Disamba 2011, daidai lokacin da jama'a ke fitowa daga sujadar safe a cocin Katolika na St. Theresa da ke Madalla, wata mota maƙare da bom ta tarwatse a bakin titi gaban cocin. Iyalai sun ƙone a cikin motocinsu, masu wucewa ma ba su tsira ba. Boko Haram ta ɗauki alhakin harin ta bakin kakakinta Abul Ƙaƙa. Rahotannin kwanakin farko sun ce mutum 35 ko 37 suka mutu, na baya suka ce 43 ko 44. Adadin 44 ne abin dogaro, domin ya haɗa da waɗanda suka cika a asibiti, kuma shi ne ya shiga shari'ar da aka yi daga baya. Masu maimaita 37 har yau ƙirgar makon farko suke kwafa.

Limamin cocin a lokacin shi ne Fada Isaac Achi, wanda aka keɓe shi firist a 1995, ɗan ƙasar Gbagyi da Koro na farko da ya kai wannan matsayi a ɗarikar Katolika. A kansa nauyin ya faɗa: tantance gawawwaki, bin asibitocin Abuja da Suleja, da riƙe matasan da ransu ya ɓaci. Shugaba Goodluck Jonathan ya je Madalla ranar 31 ga Disamba, kuma a ranar ce ya sanya dokar ta-ɓaci a ƙananan hukumomi 15 na jihohin Borno, Yobe, Filato da Neja, ciki har da Suleja. Jim kaɗan bayan haka Boko Haram ta bai wa 'yan kudu mazauna arewa wa'adin kwana uku su tattara su tafi. Wasu sun tafi, kuma babu mai ganin laifinsu. Fada Achi bai tafi ba, bai kuma rufe coci ba. An ci gaba da sujada a ginin da bom ya lalata gabansa, aka binne da yawa daga cikin mamatan a harabarsa ranar 1 ga Fabrairu 2012, ƙarƙashin jagorancin Bishop Martin Uzoukwu na Minna. Wa'azin da aka san Achi da shi a wannan zamani na gafara ne da hana ramuwar gayya. A gari irin Madalla, inda Musulmi da Kirista ke haya a gida ɗaya suna cin kasuwa ɗaya, kalma guda ta tunzurawa daga bakin limami ta isa ta haddasa irin abin da Jos da Kaduna suka gani. Wannan kame baki shi ne jarumtarsa mafi girma, ko da yake ita ce jaridu suka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Mazan da ba limamai ba su ma suna da nasu rabon. Daga 2012 ƙungiyoyin maza na majami'u, irin su CMO ta Katolika da Zumuntar Maza ta ECWA, suka riƙa ba da mutanen da za su tsaya a ƙofa ranar Lahadi suna binciken jaka da mota, suna nisanta wurin ajiye motoci daga gini. Mai wannan aiki ya san cewa idan ɗan ƙunar baƙin wake ya zo, shi zai fara tarar sa. Ranar 19 ga Fabrairu 2012 wani mai tsaron majami'ar Christ Embassy da ke Suleja ya hangi ƙunshi a tsakanin motoci, ya sa aka tsare jama'a a ciki. Bom ɗin ya tashi, mutum biyar suka ji rauni, ba a rasa rai ba.

An sha rubuta cewa an ɗaure Kabiru Sokoto rai da rai saboda harin Madalla, alhali hukuncin ya ɗan bambanta da haka. An kama shi a Abuja a Janairun 2012, ya kuɓuce wa 'yan sanda a Abaji, abin da ya ci kujerar Sufeto Janar Hafiz Ringim, aka sake kama shi a Mutum Biyu ta jihar Taraba cikin Fabrairu. Ranar 20 ga Disamba 2013 Mai Shari'a Adeniyi Ademola ya yanke masa ɗaurin rai da rai kan shirya ta'addanci a Sakkwato, da shekara goma kan cewa ya san shirin Madalla bai sanar da hukuma ba.

Fada Achi ya sha da ƙyar a wasu lokutan bayan Madalla, har an taɓa sace shi a 2013 aka kuɓutar da shi. Daga baya aka mayar da shi Kafin Koro a ƙaramar hukumar Paikoro, inda ya riƙe cocin Saints Peter and Paul da shugabancin ƙungiyar CAN ta yankin. Da tsakar daren Lahadi 15 ga Janairu 2023 wasu mahara suka kewaye gidan limamai suka cinna masa wuta. Mataimakinsa Fada Collins Omeh ya tsira da raunin harsashi, kuma a bayanin da ya yi, su biyun sun furta wa juna zunubansu kafin ya fita. Achi ya ƙone a ciki. 'Yan sanda sun kira maharan 'yan bindiga, ƙungiyoyin Kirista da dama kuma suna ganin saboda addininsa aka kashe shi. Kwana biyu bayan kisan, fusatattun matasa suka ƙone ofishin 'yan sanda na Kafin Koro.