Tarihin Sassaƙa Sandar Kurket

Sandar da ake buga ƙwallon kurket da ita abu biyu ne aka haɗa: faffaɗan katako na itacen wilo, wanda shi ke karo da ƙwallo, da mariƙi na kwagiri da ake cusawa cikin katakon a manne da gam. Fuskar katakon shafaffiya ce, bayansa kuma yana da doro. Nauyin wadda manyan 'yan wasa ke riƙewa yakan kama daga kilo 1.1 zuwa 1.4. Wannan siffa ta samu ne sannu a hankali cikin shekaru kusan 400, kuma kusan duk sauyin da aka yi mata, ko dai masu jefa ƙwallo ne suka tilasta shi, ko kuma wani ɗan wasa ya wuce gona da iri har aka kafa doka.

A kudu maso gabashin Ingila wasan ya tsiro. A wata shari'ar fili da aka yi a garin Guildford a ƙarshen ƙarni na 16, wani mai suna John Derrick ya shaida wa kotu cewa shi da abokansa sun buga kurket a filin tun suna 'yan makaranta, wajen 1550. Sandar kanta kuwa, wani abin takaici ne ya fara shigar da ita cikin takardun hukuma. A 1624, a ƙauyen Horsted Keynes na yankin Sussex, wani mai suna Jasper Vinall ya zo cafe ƙwallo, mai bugu ya kai wa ƙwallon duka na biyu don kada a cafe, sanda ta sauka a kan Vinall, bayan 'yan kwanaki ya rasu. Sanda mafi tsufa da ta rage a yau tana ɗauke da shekarar 1729, kuma tana ajiye a filin wasa na Oval da ke Landan. Wanda ya gan ta zai ɗauka sandar wasan hoki ce: doguwa, siririya daga sama, ta lanƙwashe ta yi kauri daga ƙasa. Dalili shi ne a wancan zamani mirgino ƙwallo ake yi a ƙasa, saboda haka nauyin sanda a gindi ake bukatarsa, inda za ta share ƙwallon.

Daga wajen 1760 masu jifa suka fara cillo ƙwallo ta iska, ta dira a gaban mai bugu sannan ta yi tsalle. Lanƙwasasshiyar sanda ba ta iya tare irin wannan ƙwallo, sai aka koma miƙaƙƙiya mai faɗi ɗaya daga sama har ƙasa. Sunan da aka fi haɗawa da wannan sauyi shi ne John Small na garin Petersfield, gwanin ƙungiyar Hambledon, wanda ɗan wasa ne kuma masassaƙin sanduna. Haɗuwar sana'o'in biyu a hannun mutum ɗaya ba ƙaramin abu ba ne, domin wanda ya sha tsayawa gaban ƙwallo shi ya fi sanin inda sanda ke bukatar nama da inda za a rage mata.

Miƙewar sanda ta buɗe ƙofar wayo. A watan Satumba na 1771, a wasan Chertsey da Hambledon, Thomas White ya shigo fili da sanda mai faɗin da ya rufe turakun da yake karewa gaba ɗaya. Babu dokar da ya karya, domin babu dokar a lokacin. 'Yan Hambledon suka fusata, suka rubuta cewa faɗin sanda kada ya wuce inci 4.25, wato santimita 10.8, kuma aka shigar da wannan cikin dokokin wasan a 1774. Har yau ma'aunin bai motsa ba. A 1835 aka ƙayyade tsawo, kada ya wuce inci 38.

A shekarar 1835 ɗin dai aka halatta jifa da hannu a miƙe daidai kafaɗa, a 1864 kuma aka halatta jifa ta saman kai. Ƙwallo ta ƙara gudu, sandunan da ake sassaƙawa daga gungume ɗaya suka riƙa karyewa a wuya, kuma girgizar duka tana shiga hannun mai bugu har ƙashi. Masassaƙa suka fara yanka mariƙi daban suna dasa shi cikin katakon. An gwada itatuwa iri-iri kafin Thomas Nixon, ɗan wasan Nottinghamshire, ya kawo mariƙin kwagiri a 1853. Kwagiri yana lanƙwasa ya koma yadda yake, yana shanye girgiza, shi ya sa ya kori sauran. Daga baya aka riƙa tsarga siraran roba tsakanin tsagin kwagirin don ƙara laushi. Kwagirin daga dazukan Malesiya da Indonesiya ake kawo shi, don haka tun ƙarni na 19 sandar da ake kira ta Ingila rabinta daga Asiya take.

Katakon fuska kuwa, babu itacen da ya kama ƙafar wilo. Wani nau'i ne na farin wilo da ake nomawa a bakin koguna da fadamun Essex da Suffolk da Norfolk. Ba shi da nauyi, amma zaruruwansa suna da jimiri: ƙwallo mai tauri ta doke shi ya lotsa kaɗan ba tare da ya tsage ba. Sandunan farko daga jar zuciyar itacen ake yin su, shi ya sa suke da duhu da nauyi sosai. A ƙarshen ƙarni na 19 aka koma amfani da farin ɓangaren da ke kusa da ɓawo, wanda ya fi sauƙin ɗauka. Noman itacen aikin haƙuri ne. Reshe ake dasawa, a riƙa murje duk wani tofo da ya fito a jikin gangar don kada ya bar ƙulli a katako, a jira shekara 15 zuwa 20 kafin a sare. Akwai kuma wata cuta ta ƙwayoyin bakteriya da ke ɓata katakon da tabo, wadda ke sa a sare bishiyar da ta kamu a ƙone ta. Kamfanin J.S. Wright and Sons na Essex, da aka kafa a 1894, shi ne kan gaba a duniya wajen sayar da wannan katako.

Idan an kayar da bishiya, sai a yayyanka gangar gunduwa-gunduwa, kowace ta ɗan fi tsawon fuskar sanda. Sannan a faskara kowace gunduwa daga ɓawo zuwa tsakiya, ta bi hanyar da zaren itacen ya bi. Wannan faskare shi ke sa layukan shekarun bishiyar su fito a tsaye a fuskar sanda, kowane layi shekara ɗaya. Ana shafa kaki a bakunan biyu na kowane tsagi don kada ya bushe da gaggawa ya dare, a jera su a inuwa iska na ratsa su tsawon watanni. Bayan sun bushe ake tantance daraja. Tsagi mai miƙaƙƙun layuka, marar ƙulli, marar tabo, shi ne na ɗaya. 'Yan wasa da yawa suna ƙirga layukan kafin su saya, kuma akasarin sanduna na da tsakanin 6 da 12. Mai layuka da yawa takan yi daɗin bugu tun tana sabuwa amma ba ta cika daɗewa ba, mai layuka kaɗan takan ɗauki lokaci kafin ta nuna, sai dai tana jure wahala.

Daga nan ne aikin mai koyon sassaƙa yake farawa, domin ba a fara koyon sana'ar daga sarar bishiya. Sabon hannu yakan sayi busasshen tsagi mai ƙaramar daraja, sau da yawa wanda an riga an danne shi an kuma dasa masa mariƙi. Hikimar hakan a fili take. Dannewa ita ce matakin da ya fi kowane wuyar ganewa: ana bi da fuskar katakon ƙarƙashin wani nannauyan abin birgima na ƙarfe sau da dama, har zaruruwan sama su matse su yi tauri, na ciki kuma su zauna da laushinsu. Idan dannewar ta gaza, sanda za ta fashe da wuri. Idan ta yi yawa, sanda ta mutu, ƙwallo ba za ta yi tsalle daga kanta ba. Babu ma'auni ɗaya da ya dace da kowane tsagi, sai dai gwani ya ƙwanƙwasa da gudumar katako ya saurari amon. Dasa mariƙi ma haka: ana yanka tsaga mai tsini a saman katakon, a fiƙe ƙarshen mariƙin ya shige ta daram. Ba a sa ƙusa ko ɗaya, gam da dacewar yanka ne kawai ke riƙe su, kuma kuskuren da bai kai kaurin farce ba ya isa ya karkatar da sandar baki ɗaya.

Sassaƙar bayan sanda ita ce inda hannu ke nuna kansa. Ana ɗaure katakon a teburin aiki, a ɗauki wata wuƙa mai mariƙi biyu da ake janyowa zuwa ƙirji, a fitar da kafaɗu da doro, sannan a bi da ƙananan kayan fira masu lanƙwasasshen baki a rarake gefunan doron. Abin da ake nema shi ne a bar nama a daidai wurin da ƙwallo ta fi sauka, a rage a inda ba a bukata, ta yadda sanda mai nauyi za ta ji sakayau idan an ɗaga ta. Masassaƙi yakan tsaya bayan 'yan firarraki ya ɗaga sandar kamar zai buga, ya mayar ya ci gaba, kamar yadda mai gyaran ƙotar fartanya yake gwada ta a hannu kafin ya ƙara sara. Kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne gaggawa, domin abin da aka fere ba ya komawa. Bayan an goge da samfefa, masassaƙan da suka riƙe tsohuwar hanya sukan murza fuskar da ƙashin ƙaurin doki har ta yi sheƙi. Sai a naɗe mariƙi da zare, a sa masa rigar roba, a shafa wa katakon man linsid. Duk da haka sanda ba ta shirya shiga fili ba sai an yi sa'o'i ana bubbuga fuskarta da gefunanta da gudumar katako ko tsohuwar ƙwallo.

A ƙarni na 19 sana'ar ta tashi daga rumfunan ɗaiɗaikun mutane ta zama ta kamfanoni. L.J. Nicolls ya fara aiki a Robertsbridge a 1876, gidan da daga baya ya zama Gray-Nicolls, sannan aka kafa Gunn and Moore a Nottingham a 1885. Mulkin mallaka ya kai wasan da itacen Indiya. An dasa wilo a kwarin Kashmir, inda har yanzu ake ganin tsagin katako jere a kan rufin gidaje a yankin Anantnag. Birnin Sialkot ya zama cibiyar kayan wasanni, kuma da aka raba Indiya da Pakistan a 1947, masu sana'a da yawa suka yi hijira daga can zuwa Jalandhar da Meerut da iliminsu. Kamfanin SG, wanda aka fara a Sialkot a 1931, yanzu a Meerut yake. Katakon Kashmir ya fi na Ingila nauyi da tauri, ya kuma fi araha, shi ya sa yawancin yara da masu koyon wasa da shi suke farawa.

Doka ba ta daina bin sandar ba. A watan Disamba na 1979, a birnin Perth, Dennis Lillee na Ostareliya ya fito da sandar alminiyam a wasa da Ingila, kyaftin ɗin Ingila Mike Brearley ya yi ƙorafin tana lalata ƙwallo, a 1980 aka rubuta cewa fuskar sanda dole ta zama ta katako. Da sanduna suka riƙa kumbura har bugun kuskure ma yana fita fili, ƙungiyar MCC mai kula da dokokin wasan ta ƙayyade a 2017 cewa kaurin gefe kada ya wuce milimita 40, kaurin tsakiya kuma 67. A 2021 masu bincike a Jami'ar Cambridge sun gwada sandar gora, MCC ta ce doka ba ta yarda ba, domin gora dangin ciyawa ce.

A yau injin kwamfuta na iya fitar da siffar sanda cikin ɗan lokaci, amma manyan 'yan wasa har yanzu hannun masassaƙi suke nema ya ƙarasa musu, saboda babu tsagi biyu da suka zo da nauyi ɗaya ko amo ɗaya. Masu wannan hannu sun ragu ƙwarai a ƙasar da sana'ar ta fito, har ƙungiyar Heritage Crafts ta Birtaniya ta sa ta cikin sana'o'in da ke fuskantar barazanar ɓacewa. Mafi yawan wilon da ake sarewa a Ingila yanzu jirgin ruwa ke kai shi Indiya da Pakistan, a can ake sassaƙa shi.