Kora a Matsayin Hukunci: Waiwaye a Kan Tarihin Shari'a a Nijeriya ta Arewa

Gabatarwa

Masu nazarin hukunci a ƙasar nan, irin su Alan Milner, wanda ya koyar da shari'a a Jami'ar Ahmadu Bello kuma ya wallafa The Nigerian Penal System a 1972, sun bar mana bayani mai yawa game da ɗauri da tara da bulala. Maƙasudin wannan takarda shi ne jawo hankalin mahalarta ga wani hukunci da ba alƙali ne ya saba yanke shi ba, wato raba mutum da ƙasarsa.

Zamanin Turawa

Bayan cin Kano a 1903, Turawa sun tsare Sarki Alu, daga bisani suka ajiye shi a Lakwaja har ya rasu a 1926. A 1906 kuma suka tuɓe Sarkin Katsina Yero, suka naɗa Durɓi Muhammadu Dikko. Ba a gurfanar da ko ɗayansu gaban alƙali ba. Umarnin Gwamna ya wadatar. Talakan Dutsin-ma a ƙasar 'Yandaka, ko na Kurfi a ƙasar Maraɗi, in ya yi sata akan saurare shi, a nemi shaidu, kana a ɗaure shi a gidan yarin En'e. Amma wanda za a kora, ko sarki ne, ba shi da wannan dama.

Hujjar masu mulki ita ce kora mataki ne na gudanarwa, ba horo ba. Wannan fahimta ba ta Turawan Ingila kaɗai ba ce, domin Kotun Ƙolin Amurka ta yanke haka tun 1893, kuma kotunan shige da fice na can ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a suke.

Shari'ar Shugaba Darman

A watan Janairu 1980, Ministan Harkokin Cikin Gida, Bello Maitama Yusuf, ya sa hannu a takardar korar Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Barno kuma ɗan jam'iyyar GNPP. Aka ɗauke shi daga Maiduguri, aka tsallakar da shi Cadi, bisa zargin cewa mahaifinsa ba ɗan Nijeriya ba ne. Babbar Kotun Maiduguri, ƙarƙashin Mai Shari'a Oye Adefila, ta soke umarnin, tana mai cewa tun da mahaifiyarsa 'yar ƙasa ce, shi ma ɗan ƙasa ne, kuma sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1979 ya hana a kori ɗan ƙasa. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Kaduna ta tabbatar da haka a 1982.

Sai dai Shugaba babban mutum ne mai lauyoyi. A Janairu 1983, sanarwa guda ta Minista Ali Baba ta fitar da baƙi kimanin miliyan 2, mafi yawansu 'yan Gana, ba tare da an saurari kowa ɗaya bayan ɗaya ba. Gana ma ta yi irin wannan a 1969, abin da ya shafi Hausawan zango.

Kammalawa

Wannan magana ta shafe mu, mu Katsinawa. Tun da gidan sarautar Haɓe ya bar Katsina bayan 1807 ya kafa Maraɗi, zuri'a ɗaya ta rabu gida biyu, iyakar Turawa ta zo ta tarar da ita a haka. Manomin Kurfi wanda kakansa ya zo daga Tasawa, kuma ba shi da takardar haihuwa, da me zai kāre kansa in aka ce masa baƙo?

Gaskiya ne an sami ci gaba, domin a 2021 Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ta ce kai Sarki Muhammadu Sanusi II garin Awe a 2020 ya saɓa wa tsarin mulki. Shawarar wannan takarda ita ce a ɗauki kora a matsayin hukunci, ta yadda talaka ma ba za a raba shi da mahaifarsa ba sai alƙali ya ji ta bakinsa.