Badagry: Tarihin garin bakin teku inda hanyar Sakkwato za ta tuƙe

Badagry gari ne da ke ƙuryar yammacin Jihar Legas, a gaɓar Tekun Atlantika, dab da iyakar Najeriya da Jamhuriyar Benin. Shi ne hedikwatar ƙaramar hukuma mai wannan suna, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 20 na jihar, kuma ƙidayar 2006 ta nuna akwai mutum kusan 240,000 a cikinta. Sunan garin ya yawaita a bakin mutanen Arewa tun watan Oktoba na 2024, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry. Sai dai alaƙar wannan gari da ƙasar Hausa ta girmi kwalta da mota. Shekara fiye da 200 ke nan Badagry tana zaman ƙofar da Arewa ke leƙa teku ta cikinta, wani lokaci don riba, wani lokaci kuma don baƙin ciki.

Yanayin ƙasa

Tsohon garin yana zaune ne a arewacin wani dogon ruwa mai kwanciya, wanda ya bi gefen teku ya haɗa Legas da Porto-Novo, babban birnin Benin. Tsakanin wannan ruwa da teku akwai siririn tudun rairayi, inda tsibirin Gberefu da ƙauyukan masunta suke. Wanda ya je garin zai fara ganin ruwa mai sanyin hali, sai ya shiga kwalekwale ya ƙetare, ya taka rairayi, sannan ya riski teku da igiyoyinta. Wannan tsari na ƙasa shi ya ba Badagry daraja a da: kwalekwale na iya ɗaukar kaya daga gari zuwa gari ta ruwan ciki ba tare da fuskantar haukan teku ba.

Hanyar mota daga Legas ta kai kimanin kilomita 60, sannan akwai wajen kilomita 20 daga garin zuwa Seme, bakin iyaka. Damina takan zo kashi biyu, daga Afrilu zuwa Yuli, sai ta ɗan tsagaita a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba. Ruwan saman da ake samu a can ya fi na Dutse nesa ba kusa ba, iska kuma tana da laima duk shekara. Kamar yadda aka san Dutse da dabino, haka aka san Badagry da kwakwar Attagara. Itatuwanta sun yi jere a bakin teku, kuma daga nan ake loda wani kaso na kwakwar da ake fasawa a kasuwannin Arewa.

Mutanen garin

Asalin mazauna Badagry su ne Ogu, waɗanda aka fi sani da Egun, dangin al'ummomin kudancin Benin da Togo, sai kuma Awori, wani reshe na Yarabawa. Sarkin garin ana kiransa Akran, tsohon garin kuma ya kasu unguwa takwas, kowace da nata basarake. Kamun kifi da noman kwakwa da rogo da saƙar tabarma su ne sana'o'in gado. Cikin al'adun Ogu akwai Zangbeto, dodon da ke lulluɓe da ciyawa wanda a gargajiyance yake aikin tsaron gari da dare, da kuma Sato, wasu dogayen ganguna da ake kaɗawa a manyan bukukuwa. Musulmi da Kirista da masu addinin gargajiya suna zaune wuri guda, har a cikin gida ɗaya wani lokaci. Kasuwar Agbalata ita ce babbar kasuwar garin, kuma kamar sauran kasuwannin Kurmi, ba a rasa 'yan Arewa masu sayar da albasa da tattasai da dabbobi a cikinta.

Zamanin cinikin bayi

Badagry ta bunƙasa ne a ƙarni na 18. Bayan da masarautar Dahomey ta ci Allada a 1724 da Ouidah a 1727, mutane da dama suka gudo gabas, wasunsu suka zauna a nan. Wani ɗan kasuwa mutumin Holan, Hendrik Hertogh, ya kafa wurin cinikinsa a garin a shekarun 1730. Daga nan Badagry ta zama ɗaya daga cikin tashoshin da daular Oyo ke fitar da bayi. Turawa suna kawo bindiga da albarushi da barasa da taba da kuɗin wuri, suna tafiya da mutane. Wurin da aka daɗe ana ciniki da shi a Kano da Katsina ta irin waɗannan tashoshi ya shigo, ya ratsa ƙasar Yarabawa da Nufe kafin ya iso Arewa.

A nan ne tarihin garin ya shafi Bahaushe kai tsaye. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 sun jefa mutane da yawa cikin bauta daga kowane ɓangare, aka riƙa kora su kudu, ana sayar da su a tashoshin Legas da Badagry da Porto-Novo. Mafi yawansu a lardin Bahia na ƙasar Birazil aka sauke su. Tarihin Birazil ya adana yunƙurin tawaye da bayi Hausawa suka shirya a Bahia a 1807 da 1809 da 1814. A watan Janairu na 1835 kuma, cikin azumin Ramadan, bayi Musulmi suka yi babban bore a birnin Salvador. Yarabawa ne suka fi yawa a cikinsa, amma da Hausawa a ciki, an kuma samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe.

Har yau ana nuna wa baƙi tafarkin da bayi ke bi a tsibirin Gberefu, daga bakin ruwa zuwa gaɓar teku, wurin da ake kira inda ba a dawowa. A cikin gari akwai kasuwar bayi ta Vlekete, da gidan tarihi na iyalin Mobee inda aka ajiye sarƙoƙi da mari, da kurkukun bayi na Seriki Williams Abass. Shi wannan mutum an taɓa bautar da shi, daga baya ya koma dillalin bayi, ya zama shugaban Musulmin garin, ya rasu a 1919. Sarautarsa ta Seriki aro ce daga kalmar Hausa, wato sarki.

Daga Badagry zuwa Sakkwato

A ƙarshen 1825 Baturen Ingila Hugh Clapperton ya sauka a Badagry da niyyar komawa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya taɓa ziyarta a 1824 ta hanyar hamada. Ya bi ta tsohuwar Oyo, ya ƙetare Kwara a Bussa, ya shiga Kano a 1826, ya rasu a Sakkwato ranar 13 ga Afrilu, 1827. Baransa Richard Lander ya komo Badagry, inda aka zarge shi da leƙen asiri aka sa shi shan gwaska, ya kuwa tsira. A 1830 Lander ya dawo tare da ƙanensa John, daga nan suka tashi tafiyar da ta tabbatar wa Turawa inda Kwara ke shiga teku. A labarin tafiyarsu sun ambaci malamai Hausawa da suka tarar a Badagry, da bikin ƙaramar Sallah da suka gani an yi a garin. Wannan shaida ce cewa Musulunci da Hausa sun riga 'yan mishan isa wurin.

Mishan da mulkin mallaka

A watan Satumba na 1842 Thomas Birch Freeman na cocin Methodist ya iso, Henry Townsend na cocin Anglican ya biyo shi a Disamba, suka yi bikin Kirsimeti a gindin wata bishiya mai suna Agia, wadda guguwa ta kayar a 1959. A 1845 'yan mishan suka kammala gidan da ake yi wa laƙabi da bene na farko a Najeriya. Daidai magana shi ne bene na farko irin ginin Turawa, domin hasumiyar Gobarau ta Katsina ta daɗe a tsaye kafin a aza harsashinsa. Sarakunan Badagry sun sa hannu a yarjejeniyar daina cinikin bayi da Ingila a 1852, garin kuma ya shiga ƙarƙashin mulkin Ingila a 1863. A wannan shekara ce John Glover ya kafa rundunar Hausawa a Legas, wadda ake ɗauka a matsayin tushen sojan Najeriya.

Badagry a yau

Ma'aikatan gwamnati da yawa sun san garin ta dalilin kwalejin horar da manyan ma'aikata ta ASCON, wadda aka kafa a 1973, take kuma a Topo. Ɗaliban jami'a masu nazarin Faransanci suna zuwa Ƙauyen Harshen Faransanci da aka buɗe a 1991. A 2016 aka fara haƙo mai a rijiyar Aje da ke cikin teku daura da garin, abin da ya shigar da Legas sahun jihohi masu arzikin mai.

Ga 'yan kasuwa kuwa, Seme ce magana. Ta nan kayan Kwatano ke shigowa, ta nan kuma hanyar Legas zuwa Abidjan ta ratsa. Shugaba Muhammadu Buhari da takwaransa Patrice Talon sun buɗe ofishin iyaka na haɗin gwiwa a Seme-Krake a Oktoba 2018. Bayan wata goma, a Agusta 2019, Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu don daƙile fasa-ƙwaurin shinkafa da fetur, ba a buɗe Seme ba sai Disamba 2020. Abin da Maigatari ta gani a wancan lokaci na mutuwar kasuwa, shi Badagry ta gani.

Sabuwar hanyar da ake ginawa an tsara ta da tsawon kilomita 1,068, daga Illela a iyakar Nijar, ta ratsa jihohin Sakkwato da Kebbi da Neja da Kwara da Oyo da Ogun, ta tuƙe a Badagry. Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta kuma amince da gina tashar manyan jiragen ruwa a garin a 2022. Idan ayyukan biyu suka kammala, kayan Arewa da ake fitarwa waje, irin su riɗi da zoɓo da Jigawa ta yi fice a nomansu, za su sami wata mafita ban da cunkoson Apapa. Mutanen Badagry su ma suna da abin lura, domin filayen da tasha da hanya za su ci, su ne gonakin kwakwa da matsayar kwalekwalen da ƙauyukan gaɓar ke rayuwa a kansu.